Ƙota Don Kafaɗar Hagu

Surukina ƙota yake ce mata, kamar ta fartanya. Turawan kulob ɗinsu na harbi suna da nasu sunan, ni ma daga baya na koye shi don dole, amma a bakinsa katakon nan da ake ɗora ƙarfen bindiga a kai, wanda mai harbi ke tokarewa a kafaɗa ya kwantar da kuncinsa, ƙota ce kawai. Ƙarfen da ake ɗagawa a ja baya a tura harsashi ciki kuwa sakata yake kiransa. Ban taɓa jin wani ya kira su haka ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin yi masa gyara ba.

Ya zo London tun ina rarrafe a Katsina. Ya yi aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti har ya yi ritaya, ya sayi ɗan gida a Catford lokacin da mai albashi ke iya sayen gida. Harbi kuwa tun yana ɗan makaranta a Zariya ya koye shi, cikin yaran da ake sa wa kaki ana koya musu fareti. Bindigarsa ƙarama ce, mai ɗan siririn harsashi, kuma bai taɓa kashe ko kurciya da ita ba. Takarda yake hudawa. Duk Asabar zai ɗauki doguwar jakarsa ya tafi kulob, ya zauna cikin tsofaffin Turawa, ya huda takarda, ya sha shayi, ya dawo. Lokacin da nake neman 'yarsa abin dariya yake ba ni. Na ce a raina, dattijo da jikoki a hanya, ya rasa abin yi sai ɓata takarda.

Na daina dariyar bayan rasuwar surukata. Da aka gama karɓar gaisuwa, 'yan uwa suka watse, gidan ya yi shiru irin wanda har firij ake ji. Ya daina zuwa kasuwar Peckham, don ita yake rakawa dama. Ya daina kunna rediyo. Masallacin Juma'a da kulob ɗin Asabar, su kaɗai suka rage masu fitar da shi daga gida, kuma a masallaci gaisuwar mutuwa ake ta yi masa har ta ishe shi. A kulob babu mai tambayarsa ya haƙuri. Harsashi da saiti ake tambaya.

Matata, wadda ita ce 'yarsa ta fari, ta so ya sayar da gidan ya dawo wurinmu a Deptford. Ba ya kiran sunanta, yarinyar nan yake cewa, ko da tana tsaye a gabansa da kayan aikin jinya. Duk lokacin da ta tayar da maganar, amsarsa ɗaya ce: akwatinsa a bango yake. A ƙasar nan ba a ajiye bindiga don ado. Sai da lasisi, sai da akwatin ƙarfe da aka ɗaure jikin bango wanda 'yan sanda suka zo suka gani da idonsu, kuma sai kulob ya shaida cewa mutum yana zuwa harbi. In ka daina zuwa, dalilinka na riƙe ta ya faɗi, sai ka miƙa. Namu gidan kuwa haya ne, hawa na uku, da yara, mai gidan ko ƙusar rataye hoto ba ya so. Saboda haka kowa a cikinmu ya gane lissafin ba tare da an faɗa ba. Muddin yana harbi, yana gidansa, yana cin gashin kansa. Ranar da bindiga ta tafi, shi ma ya tashi.

Sai idonsa na dama ya fara mutuwa. Ciwon nan ne da ruwan ido ke hauhawa ya danne jijiya, ba zafi ba ja, sai dai gani ya yi ta raguwa. An ba shi maganin ɗigawa, an yi masa aiki, bai hana ba. Shi da kansa ya gaya mana, a takaice, kamar labarin wani. Ya ce na daman ya tafi, na hagun lafiyarsa lau, a bar zancen.

Wata Lahadi ya aika a kira ni ni kaɗai. Na same shi a falo, na durƙusa na gaishe shi, na zauna a kan kafet kusa da ƙofa inda na saba zama. Matata ta yi ta fama da ni a kan wannan zaman ƙasa tun farkon aurenmu, ita da aka haifa a nan, har ta gaji ta bari. Ni haka aka rene ni. Ba na zama kujera ɗaya da shi, ba na cin abinci a gabansa, kuma ba na ɗaga ido in kalli fuskarsa. Na san takalmansa duka, na san zanen kafet ɗin nan fiye da wanda ya saƙa shi.

Ya hau sama ya sauko da bindigar. Kafin ya ajiye ta, ya zare sakatar ya nuna mini cikinta babu komai, alhali daga ni sai shi a gidan. Haka yake yi kullum. Sannan ya yi mini bayani. Mai harbi da kafaɗar dama da idon dama yake saiti. Tunda daman ya tafi, sai ya koma kafaɗar hagu. Amma ƙotar an sassaƙa ta ne don na-dama: tudun da ake kwantar da kunci yana gefe guda, ɗaya gefen kaifi ne da ke cin ƙashin fuska, mariƙin kuma an kumbura shi daidai tafin hannun dama. Ya gwada a kulob, wuyansa ya ƙage, harsashi ya yi ta yawo. Na tambaye shi, cikin ladabi, me zai hana a sayar da wannan a sayi ta bahagwai gaba ɗaya. Ya ce sauya bindiga sai an koma wurin 'yan sanda, su kuma su nemi takardar likita, wata da watanni, ga tsada. Ƙota kuwa katako ce, doka ba ruwanta da ita, ko ni da ba ni da lasisi zan iya saye in riƙe.

“Kai ne mutumin kwamfuta, Malam,” ya ce. “Ka nemo mini. Amma mai araha, kuma kada ka ƙara ko kwabo daga aljihunka. In na gane ka ƙara, zan mayar.”

Na san zai mayar ɗin. Abin da ya tara ya tafi wurin rijiyar da ya sa aka haƙa a ƙauyensu sadaka ga marigayiya, fansho ne kawai ya rage, kuma mutumin nan ya gwammace ya sha ruwan zafi da ya ci kuɗin mijin 'yarsa. Na ce to, Baba, an gama. Har da ɗan alfahari na faɗa, don a zatona aikin yamma ɗaya ne.

Ban san na shiga daji ba. Masu sassaƙa ƙota daidai jikin mutum suna nan, amma kuɗinsu ya ninka na bindigar kanta. Masu araha a Amurka suke, rabinsu ba sa aikowa waje, sauran kuma in aka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan araha ta gudu. Bindigar tasa tsohuwar yayi ce, masu ƙera ta sun daina yin irinta sun fito da ƙanwarta, kuma duk ƙotar da ke kasuwa don ƙanwar aka yi. A hoto kamarsu ɗaya. A zahiri, noti biyun da ke ɗaure ƙarfe da katako ba tazararsu ɗaya ba, bambancin bai kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba, amma ya isa ya hana noti shiga. Na shiga zaurukan da masu harbi ke hira a intanet, inda mutum zai yi tambaya ɗaya a ba shi amsa goma masu faɗa da juna, a ƙarshe a zage shi don bai karanta tsohuwar hira ba. A lokacin hutun cin abinci a ofis, abokan aikina suna kallon ƙwallo a waya, ni ina karkata allon tawa kada wani ya leƙo ya ga Musulmi mai gemu yana duba kayan bindiga.

Ta farko da na saya, ni na yi wauta. Na ga an rubuta ta bahago, farashi mai sauƙi, na yi wuf na biya kafin wani ya riga ni. Da ta iso na kai masa ina washe baki. Ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya tsaya a wani ɗan gurbi. Ashe ta bindigar da sakatarta ke hagu ce. Tasa sakatar a dama take, gurbin da hannun sakata zai kwanta kuwa an yanka shi a ɗaya gefen. Abin da muke nema shi ne ƙota ta kafaɗar hagu amma mai gurbi a dama, ko wadda ba ta da gefe. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi katakon mai kyau ne, Allah ya haɗa ta da mai ita. Sai da na yi makonni kafin na samu wanda ya karɓe ta.

Ta biyu ta roba ce, baƙa, marar gefe, kuma an rantse mini za ta shiga. Ta shiga ɗin. Ya ɗaura ƙarfen, ya ƙwanƙwasa gindinta da yatsa, ta yi ƙara kamar bokitin wanka. Ya matsa gabanta da hannu, ta lanƙwasa ta taɓa bututun. Ya ce bututu ba ya son a taɓa shi, in katako ko roba ya jingina da shi, yau harsashi ya tafi nan gobe ya tafi can. Ya kwance ta ya miƙo mini. A hanyar gida na yi ta masifa ni kaɗai a mota, har da cewa wannan tsoho ya cika tsirfa, takarda ce fa ake hudawa ba zaki ba.

Mota tawa ce, don tasa ya riga ya sayar. Ya ce kuɗin inshora da na ajiye mota sun yi yawa, bas kuma kyauta ce ga tsofaffi. Na yarda, har na yaba masa da tattali.

Ta uku a wajen gari na samo ta, wurin wani mutum da ke kwashe tarkacen garejinsa. Katako ne da aka manna falle-falle, mai nauyi, launin toka, da rami a mariƙi inda babban yatsa ke shiga ta kowane gefe. Ta ƙanwar bindigar ce, ba tata ba, amma na auna na ga akwai naman katako da za a iya matsar da ramin noti ɗaya. Tana da tabo a gindi, shi ya sa ya sake ta da araha. A ranar, motar tana wurin matata, a jirgin ƙasa na je. Sai da na riƙe ta a hannu na tuna cewa ko babu ƙarfe, siffar bindiga gare ta. Na shiga wani shago na roƙi dogon kwalin sandar labule, na cusa ta, na naɗe da salatif har ya ƙare. Duk tsawon hanya kwalin yana tsakanin ƙafafuna, ina karanta duk addu'ar da na sani, ina murmushi ga duk wanda ya kalle ni. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko sabon gida muka koma, na ce mata eh.

Wannan karon ma surukina ya shafa ta daga sama har ƙasa. Ya ɗaga ta haka nan ba ƙarfe, ya tokare a kafaɗar hagu, ya kwantar da kunci. Daga inda nake zaune na ga yatsun ƙafarsa sun motsa cikin safa. Ya ce za ta yi, amma sai mun yi mata aiki.

Aikin ya ci mana Lahadi da yawa. Mukan shimfiɗa jarida a kafet bayan azahar, shi a kan ƙaramar kujera, ni a ƙasa. Ƙarfen nasa ne, shi kaɗai ke taɓawa. Katakon nawa. Aka cike tsohon ramin noti da guntun katako da gam, aka huda sabo. Sannan aka zo wurin zaunar da ƙarfen, wanda shi ne mai wuya, don dole ya kwanta daidai ko'ina ba tare da ya hau wani tudu ba. Ya ce a kulob jan-baki suke shafa wa ƙarfen, su danna shi cikin katako, duk inda ja ya fito nan ne za a rage. Na ce bari in karɓo na matata. Ya ce a'a. Ya hau sama, ya daɗe, ya sauko da ɗan tandun kwalli na fata, tsoho, wanda na sha gani a hannun surukata ranar Sallah. Ya zuba kaɗan a murfin kwalba, ya kwaɓa da man shafawa, ya shafa wa ƙarfen da ɗan yatsa. Na sunkuyar da kai fiye da yadda na saba, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so ya ji a muryata.

Haka muka yi ta yi. Ya shafa, ya danna, ya ɗaga, ya miƙo mini katakon ya ce in duba inda baƙi ya kama, wai idona ya fi nasa ƙuruciya. Ni kuma in bi wurin da magagari da samfefa, kaɗan-kaɗan, yana ce mini katako in ya tafi ba ya dawowa. In noti ya faɗi a kafet, da tafin hannu yake lalube, ni kuma in yi sauri in ɗauko in sa masa a hannu, ina ganin ladabi nake yi. Sau ɗaya ya miƙa hannu zai ɗauki sukurudireba ya ture kofin shayi. Ya ce tsufa ne, na ce Allah ya ƙara lafiya, na goge.

A cikin waɗannan ranakun ya yi mini hirar da bai taɓa yi ba. Ashe bahago aka haife shi. Kakarsa ce ta ɗaure masa hannun hagu da tsumma a jikinsa in za a ci tuwo, malamin makaranta kuma ya ƙarasa aikin da rula, har ya koma na-dama a ci, a rubutu, a komai. Ya ce ranar farko da aka ba su bindiga a makaranta, jikinsa da kansa ya kai ta kafaɗar hagu, sajan ya daka masa tsawa ya mayar. Ya ɗan yi dariya, ya ce, “Ka ga ikon Allah, Malam. Sai da na tsufa aka ba ni izini.” Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Na koma gida ina jin ni ne zan mayar wa dattijo abin da aka ƙwace masa tun yana yaro.

Matata ba ta ji daɗin komai ba. Ta ga tabo a goshinsa ya ce ƙofar kabad ce. Ta ga wani a ƙwaurinsa ya ce gado ne. Ta nemi ta raka shi asibitin ido ya ce an ɗage ranar. Wata safiya tana shirin fita aiki ta tsare ni a kicin.

“Kai da kake zama da shi duk Sunday, ka taɓa kallonsa? In ka yi magana, ka ga yadda yake juya kai gaba ɗaya yana nemanka?”

Na ce mata ni ba a yi mini tarbiyyar zura wa surukina ido ba, kuma mutumin da ya ce idonsa lafiya lau, wane ne ni in ƙaryata shi. Na faɗa da zafi, har da gorin cewa su 'yan nan ba su san kunya ba. Ta ɗauki jakarta, ta ce ni ina neman katako, ita tana neman ubanta, ta fita. Na yini ina jin haushinta, mafi yawa don na san ba ta saba faɗin abin da ba ta gani ba.

Lahadin da ta biyo na yi niyyar dubawa. Na ɗaga ido na kai maɓallin rigarsa, na kai gemunsa, sai wuyana ya ƙi. A ranar ne kuma aikin ya kammala. Ya ɗaure noti biyun, na gaba sannan na baya, a hankali, yana saurarensu da hannu. Ya ba ni 'yar takarda ya ce in zura ta tsakanin bututu da katako. Ta wuce sumul daga baki har gindi ba ta maƙale ba. Ya ce alhamdulillahi, ya ce in yi masa booking na Asabar a kulob, kuma ni zan kai shi. Cikin wannan murna ban ga ta inda zan fara tambayarsa zancen ido ba, sai na bar shi.

Kulob ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, dogon ɗaki mai warin mai da danshi. An rubuta ni a matsayin baƙo, aka ba ni abin toshe kunne, aka zaunar da ni a benci bayan layin masu harbi. Kowa ya san shi. Suka yi ta zagaya sabuwar ƙotar suna shafawa, ya nuna ni ya ce surukinsa ne ya yi aikin, na ji kaina ya yi girma. Masu harbi suna zama ne a jere, kowa da teburinsa, can ƙarshen ɗakin kuma takardu a jere, kowace da lambarta a sama. A damansa wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, da suka shekara suna harbi tare.

Mai kula da layi ya ba da izini. Daga bayansa nake, don haka na samu damar kallonsa yadda nake so. Ya tokare ƙotar a hagu, kuncinsa ya kwanta kamar a matashin da ya saba da shi. Hannun hagu a kunama, na dama yana ja da tura sakata, ko ɗaga kai ba ya yi. Kafaɗunsa, da kullum suke a ɗage tun rasuwar matarsa, suka sauka. Ƙarar ba ta da yawa, ɗan tas ne kawai, sai ya numfasa, sai wani tas. Ban san harbi ba, amma na san mutumin da ke cikin jin daɗi in na gan shi.

Da aka tsayar, kowa ya buɗe sakatarsa, aka je aka kwaso takardu. Dattijuwar ce ta fara magana, tana dariya, ta ce wani ya yi mata kyauta. Takardarta tana da nata hudojin a warwatse, sannan a tsakiyar baƙin akwai wani tari guda, manne da juna, wanda ƙaramin kwabo zai rufe. Takardar surukina kuwa fes take, ko ƙwarzane babu. Mai kula da layi ya haɗa su biyun ya duba, ya dafa kafaɗarsa, ya ce wannan ai yana faruwa da kowa, har gwanaye sukan harbi takardar maƙwabci, kuma rabon da ya ga ya tara harsashi wuri guda haka an daɗe. Sauran suka yi ta tsokanarsa cikin raha, wai sabuwar ƙota ta sa shi neman mata.

Shi bai yi dariya ba. Ya karɓi takardar dattijuwar, ya kawo ta kusa da fuskarsa, yana matsar da ita har ya samo wurin. Ya shafa hudojin da babban yatsa. Sannan ya tambayi mai kula da layi, da Turanci, a hankali, ko takardu nawa ne a jere a can. Mutumin ya gaya masa. Surukina ya gyaɗa kai. Ya ce shi guda ɗaya ya gani.

Ya zare sakatar gaba ɗaya, ya nuna cikin bindigar babu komai, ya miƙa wa mai kula da layi ita da sakatar, ya ce a sa masa a ma'ajiyar kulob, zai kira 'yan sanda ranar Litinin a yi abin da ya kamata. Mutumin ya fara cewa ya je gida ya yi tunani tukuna. Surukina ya ce wanda bai ga takardar da ke kusa da tasa ba, ba zai ga mutumin da ya gitta ba. Dattijuwar ta juya baya tana neman wani abu a jakarta, ta daɗe tana nema.

Na taso na tsaya kusa da shi, ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na ce, Baba, ko saitin ne ya goce da muka sauya ƙota. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya wuce ni, ya dawo, sannan ya same ni. A nan na kalle shi. Idanun suna nan farare tas, babu abin da ya nuna, sai dai na hagun ne kaɗai ya tsaya a kaina, kuma da na ɗan matsa sai da ya sake nemana.

“Ƙotar ta yi, Malam,” ya ce da Hausa. “Ba ta da laifi, kai ma ba ka da shi. Na hagun ma ya daɗe yana rufewa. Kamar mai leƙe ta kafar makulli nake gani. Abin da ke tsakiya ina ganinsa sarai, sauran babu.”

Na ce me ya sa bai faɗa ba, muka yi ta wahalar da shi da aiki. Ya ce da ya faɗa, da yarinyar nan ta kwashe shi tun kafin hunturu, kuma da gaskiyarta. Ya ce yana so ne ya ji ta sau ɗaya a kafaɗar da aka halicce shi da ita, kuma ya ji.

Ya naɗe jakar bindigar, wadda yanzu babu komai a ciki, ya ninka ta biyu ya sa a hammata. Ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama da hannu, wasu sai da suka matso suka kamo hannun nasa. Ya biya kuɗin shayin da bai sha ba. A bakin ƙofa ya ce in kira matata in gaya mata ta gyara ɗakin da take ta magana, amma kada ta zo yau, yau yana so ya kwana a gidansa.

Muka fito gindin matakalar da ke hawa zuwa titi. Fitilar wurin ba ta da ƙarfi. Ya tsaya, ya miƙa ƙafa yana neman hawan farko bai samu ba. Da safe shi ya sauka a gabana, da sauri ma, ashe da ƙwaƙwalwa yake takawa, yanzu kuma ta ƙi ba shi.

“Zo ka kama ni,” ya ce. “Ta dama za ka tsaya. Can ne babu komai.”

Na zagaya damansa, na riƙe gwiwar hannunsa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ce masa ga na farko nan, Baba, ɗaga ƙafa, muka fara hawa.